Ƙibar Jego da Ranar Yaye: Shawarwari ga Mai Shayarwa da Mutanen Gidanta

A makonnin farko bayan haihuwa, duk wadda ta shigo barka ta ga maijego ta yi kumatu sai ta ce, "Masha Allah, jego ya karɓe ki." Magana ce mai daɗi, domin tana nufin ana kula da ita. Amma da yaro ya kai wata 9 ko 10, ɗinkin suna ya daina shiga, gwiwa ta fara ciwo in an ɗago daga sujada, sai zancen ya juya: "Ki yaye shi mana ki huta, nonon nan ne yake sa ki ci." A wani gidan kuma uwa ce ta rame har ƙashin wuya ya fito, sai a ce, "Yaron nan ya tsotse ki, cire shi." Mai ƙiba da mai rama duk shawara ɗaya ake ba su, kuma wanda shawarar za ta faɗa a kansa bai iya magana ba tukuna.

Nauyin jikin uwa damuwa ce ta gaske, tana da dalilai kuma tana da mafita. Sai dai ba ita ya kamata ta tsayar da ranar yaye ba. Shi ya sa na fara da jikin uwa, sannan na koma kan yaron.

1. Ki san iyakar abin da shayarwa ke ci a jikinki

Uwar da ke ba jariri nono zalla tana samar da kimanin mililita 750 zuwa 800 a rana, kusan rabin babbar gorar ruwa mai lita 1.5. Aikin nan yana cin wajen kalori 500 a yini, kuma wani ɓangare nasa daga kitsen da jiki ya tara lokacin ciki yake fitowa, dama don haka aka tara shi. Kalori 500 bai wuce ƙarin faranti ɗaya matsakaici na shinkafa da wake da mai ba. Ke nan maganar "ki ci na mutum biyu" ta zarce lissafi.

Inda mata da yawa ke samun ƙarin nauyi shi ne bayan wata 6. Yaro ya fara cin abinci, tsotsonsa ya ragu, nonon da jiki ke haɗawa ya ragu, amma kwanon uwa yana nan yadda aka saba cika shi tun ranar suna.

Ki kuma ba jikinki lokaci. Mace mai matsakaicin jiki ana sa ran ta ƙara kilo 11.5 zuwa 16 a tsawon ciki. Ranar haihuwa kilo 5 zuwa 6 ne ke tafiya, wato jariri da mabiyiya da ruwa. Sauran yakan ɗauki wata 6 zuwa shekara, wasu ma fiye.

2. Ki bambanta ƙiba da kumburi

Ko an manta da duk sauran shawarwarin, ina roƙon kowane gida ya riƙe wannan. Idan nauyi ya hau cikin 'yan kwanaki, ƙafa ta kumbura har in an danna da yatsa gurbin ya zauna, numfashi yana sarƙewa in an kwanta sai an tara matasai, ga tari da dare, ga haki daga ɗaki zuwa tsakar gida, to ruwa ne ya taru a jiki, kuma alama ce ta zuciya ta yi rauni. A tafi asibiti a ranar, kada a ce sai an yi arba'in.

Ciwon zuciyar nan yana kama mata daga ƙarshen ciki zuwa watannin farko bayan haihuwa, kuma arewacin Najeriya yana cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Binciken da aka yi a asibitocin Sakkwato da Kano ya same shi a kusan haihuwa 1 cikin 100. Tun shekarun 1970 likitoci biyu da ke aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Davidson da Parry, suka yi rubutu a kansa, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa, wankan ruwa mai tsananin zafi da kwanciya a gadon ƙasa da ake hura wa wuta. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Jami'ar Bayero ya jagoranta ya fi nuna hannun talauci, rama da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki. Ko wanne ya fi ƙarfi a cikinsu, kanwa tana ɗauke da irin sinadarin da ke cikin gishiri, mai sa jiki riƙe ruwa da tayar da hawan jini.

Iyayenmu mata masu kula da jego, Allah ya saka muku da alheri, babu mai raina wahalarku. Amma yarinyar da aka ce tana da hawan jini lokacin awo, ko ta yi jijjiga, a ɗauke mata kanwa gaba ɗaya. Sauran ma a rage, a kuma sirka ruwan wanka. Ciwon kai mai tsanani da ganin duhu-duhu a cikin kwana arba'in su ma na gaggawa ne.

3. Ki fara duba kofi kafin faranti

Mai shayarwa tana fama da ƙishirwa, kuma a gidajenmu ba kasafai ake miƙa mata ruwa zalla ba. Shayi mai kauri da safe, kunun gyaɗa da hantsi, fura da rana, lemon malt da madarar gwangwani da yamma wai don ƙarin jini. Kowanne da sukarinsa. Kwalbar lemo mai santilita 35 tana ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali 9, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada babba ya wuce kimanin cokali 12 a yini, in ya tsaya a 6 ya fi. Abin sha kuma ba ya ƙosarwa, za ki shanye ki nemi tuwo.

Haɗin malt da madara bai ƙunshi sinadarin ƙarfe mai yawa ba, don haka ba shi ne maganin ƙarancin jini ba. Ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa a asibiti, hanta, nama, wake da ganye su ne masu wannan aikin. Haka kuma abin da ya fi kawo ruwan nono shi ne yawan tsotson yaro da kama nono da kyau: duk yadda aka fitar, haka jiki ke mayarwa. Ki sha kununki, amma ki rage sukarin zuwa rabi, ki ajiye gorar ruwa kusa da inda kike zama shayarwa.

4. Ki gyara kwano, kada ki zauna da yunwa

A bar maganar rage nauyi har sai an wuce mako 6 zuwa 8, jiki ya warke, nono ya daidaita. Bayan nan, sauke kimanin rabin kilo a mako ba ya taɓa ruwan nono ga mace mai cikakkiyar lafiya. Abin da ya fi haka sauri yana kawo jiri da kasala, daga baya kuma a rama cin da aka bari.

Hanya mafi sauƙi ita ce a sauya rabon abin da ke cikin kwanon. Malmalar tuwo ta ragu, miya ta ƙaru. Kwaɗon zogale, rama ko lansir, miyar taushe, kuka, kuɓewa, faten wake mai alayyahu, dambu mai ganye, dafaffen ƙwai, kifi, awara, nono marar sukari: duk abincinmu ne, babu na shigowa da shi daga waje. Wurin da ya kamata a sa ido shi ne mai. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana da kalori kusan 120, kuma mukan kwarara shi daga galan ba tare da awo ba. Ki riƙa aunawa da cokali na mako ɗaya kawai, za ki ga abin da ke tafiya. Cincin, dubulan, alkaki da soyayyen naman suna da suka rage a ɗaka, a fitar da su a raba wa 'yan barka.

Kada ki mayar da azumin nafila hanyar rage ƙiba alhali jariri bai kai wata 6 ba. Na Ramadan kuwa, shari'a ta yi wa mai shayarwa rangwame idan ta ji wa kanta ko ɗanta tsoro, ki tambayi malami yadda ake ramuwa.

5. Maigida, barcinta yana cikin maganin

Rashin barci yana buɗe ciki, yana sa kwaɗayin zaƙi da maiƙo. Wani bincike da aka yi a Amurka, aka buga a 2008, ya gano cewa matan da barcinsu bai wuce awa 5 a yini ba lokacin da jariransu ke wata 6, yiwuwar su riƙe ƙarin kilo 5 ko fiye bayan shekara ta ninka ta sauran kusan sau 3. Matar da ta kwana shayarwa, ta tashi da asuba ta shirya 'yan makaranta, ta yi girki da wanki, ba za a ce mata ta sake jiki ba. Awa ɗaya da rana da wani zai riƙe mata yaro ta runtsa ta fi kowane shayin rage ƙiba amfani. In kai ba ka gida, ka samo mai taimaka mata, ƙanwarka ce ko tata. Kuma ka kiyaye harshenka a kan jikinta, musamman a gaban abokiyar zamanta ko danginka. Mata da yawa ba madubi ne ya tura su kemis ba, kalma ɗaya ce daga bakin miji.

6. Motsi da maganar tumbi

Aikin gida yana gajiyarwa, amma yawancinsa tsayuwa ce da sunkuyo. Abin da ake so shi ne tafiya mai ɗan sauri, minti 30 a rana, kwana 5 a mako. Wadda ba ta fita za ta iya zagaya tsakar gida da goyonta bayan la'asar. Wadda aka yi wa aiki ta jira izinin likita.

Tumbin bayan haihuwa ba kullum kitse ba ne. Naman ciki yakan rabu gida biyu lokacin da ciki ya tsufa, ya bar rata a tsakiya, sai cibiya ta turo. Ɗaure ciki da zani yana tallafa wa baya, amma ba ya narkar da kitse, kuma tamke shi har numfashi ya ƙuntata cutarwa ce. Idan ratar ta daɗe, akwai masu gashin ƙashi a manyan asibitoci da ke koyar da motsa jikin da ke haɗe ta. Bayan yaro ya shekara, ga gwaji mai sauƙi: ki auna tsawonki da igiya, ki ninka ta biyu, ki zagaya ƙugu ta saman cibiya kaɗan. In ta haɗu, da sauƙi. In ba ta haɗu ba, akwai aiki.

7. In kin gyara komai nauyi yana ta hawa, ki nemi gwaji

Kusan mace 1 cikin 20 takan samu tangarɗa a ƙullin maƙogwaro da ake kira tayirod a shekarar farko bayan haihuwa. Idan aikinsa ya yi ƙasa, sai ƙiba, kasala, jin sanyi ana zafi, bushewar fata, taurin bayan gida, wani lokaci da raguwar nono. Gwajin jini ke gano shi, kuma maganinsa ba ya hana shayarwa. Wadda aka ce tana da suga lokacin ciki, ta koma a sake auna ta tsakanin mako 6 zuwa 12 bayan haihuwa. Allurar tazarar haihuwa ta wata 3 tana sa wasu mata ƙiba. Idan kin lura daga ita abin ya fara, ki koma wajen ma'aikaciyar lafiya ta sauya miki wata hanya, kada ki daina haka kawai. Akwai kuma ƙuncin rai na bayan haihuwa: kuka ba dalili, rashin sha'awar komai, ci ba ƙoshi ko ƙin ci. Ciwo ne da ake magani, a faɗa wa likita.

8. Ki nisanci shayin rage ƙiba da sha-ka-fashe

Yawancin shayin da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp gudawa da yawan fitsari yake sawa. Ruwa ne ke fita, sikeli ya sauka kwana biyu ya dawo, ke kuma kina buƙatar ruwan nan. Ba ki kuma san me ke ratsawa cikin nono zuwa ga yaro ba.

A ɗaya ɓangaren, masu ramewa sukan koma wa sha-ka-fashe. Wanda a jikin kwalinsa aka rubuta dexamethasone yana kumbura fuska da ciki, yana jawo suga, hawan jini, gyambon ciki da raunin ƙashi, kuma wadda ta daɗe tana sha ba a yanke mata shi rana ɗaya sai da kulawar likita. Wanda aka rubuta cyproheptadine kuwa yana iya rage ruwan nono.

9. Wadda ta rame, ita za a ciyar

A ƙauyuka da unguwannin marasa ƙarfi, rama ta fi ƙiba yawa. Jikin uwa yakan ci gaba da haɗa nono mai kyau ko da ita tana ƙarewa, shi ya sa ake ganin yaro ɓul-ɓul a bayan uwa ramammiya. Yaye shi zai mayar da matsala ɗaya ta zama biyu. Kuɗin gwangwanin madarar jarirai ɗaya zai sayo wa uwa wake, gyaɗa, ƙwai da busasshen kifi na kwanaki. A daina bari sai kowa ya ci sannan ta kankare tukunya. Idan rama ta zo da tari mai tsawo, zazzaɓin dare ko yawan fitsari da ƙishirwa, a je a duba tarin fuka da suga.

10. Yaye ba ya ba da tabbacin ramewa

Wasu matan sukan sauke 'yan kilo bayan yaye domin yunwar ta lafa. Wasu kuwa ƙaruwa suke yi, domin abin da nono ke ɗiba ya tsaya, cin da aka saba bai tsaya ba. Babu mai iya gaya miki a wane ɓangare za ki faɗa. Abin da aka tabbatar shi ne abin da za a rasa. Daga wata 6 zuwa 12 nono yana ba yaro rabin ƙarfin da yake buƙata ko fiye, daga wata 12 zuwa 24 kuma kusan kashi ɗaya cikin uku, ban da garkuwar da yake ba shi daga zawo da ciwon haƙarƙari. Yaron da ke zazzaɓi ya ƙi kowane abinci, nono kaɗai yakan karɓa. Ita ma uwa tana da rabonta: wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2002 ya nuna haɗarin kansar mama yana raguwa da kashi 4.3 cikin 100 a duk wata 12 na shayarwa, kuma shayarwa tana rage haɗarin ciwon suga da kansar ƙwan mace.

Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ce nono zalla na wata 6, ko ruwa ba a haɗawa, sannan a ci gaba tare da abinci har shekara 2 ko fiye. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa. Maganar da ake yi a wasu gidaje cewa namiji in ya daɗe a nono zai zama daƙiƙi ba ta da tushe. Binciken masana ma akasinta ya nuna.

11. Yaye shawarar mutum biyu ce

Ayar nan ta Baƙara ta halatta yaye kafin shekara 2, amma ta ɗaure shi da yardar uwa da uba da shawara tsakaninsu, kuma ta ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita. Ke nan miji ba zai wayi gari ya ce "yau a cire shi" don ya gaji da kukan dare ba, ita ma ba za ta yanke don biki ya matso tana son shiga anko ba. Kaka da gwaggo a saurare su da girmamawa, sun ga abin da ba mu gani ba. Kuma uwar da ta gaji har ƙarfinta ya ƙare, ta faɗa ba tare da jin kunya ba. Lafiyarta da hankalinta dalilai ne da ake sawa a ma'auni.

12. Ki duba yaron kafin ki duba kalanda

Kafin a tsayar da rana, a amsa waɗannan. Yana cin abincin gida sau 3 zuwa 4 a yini da ɗan abin taɓawa a tsakani? Yana sha da kofi? Layin nauyinsa a katin awo yana hawa? Lafiyarsa ƙalau a makonnin nan? Gidan yana da abin da zai maye gurbin nono kullum, madara ko nonon shanu da aka tafasa, ƙwai, wake, kifi, gyaɗa?

Tambayar ƙarshe ta fi sauran nauyi. A 1933 wata likita mai suna Cicely Williams, da ke aiki a Akara ta ƙasar Gana, ta bayyana ciwon yaran da aka cire daga nono aka bar su da kunun masara: kumburin ƙafa, gashi ya yi ja ya yi laushi, fata tana saɓulewa, yaro ba walwala. Shi ne kwashoko, kuma har yau ana ganinsa a cibiyoyin tamowa daga Katsina zuwa Maraɗi. Ƙididdigar lafiya ta Najeriya ta 2018 ta nuna kashi 57 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 a arewa maso yamma sun tsumbure, kuma yawancin tsumburewa a shekaru 2 na farko take kamawa. Koko tsararo cika ciki kawai yake yi. Kunun yaro ya zama mai kauri, wanda ba ya zuba daga cokali da sauri, a haɗa gero ko dawa da waken soya da gyaɗa da aka soya aka niƙa, a sa ɗan mai, a ƙara garin kifi ko ƙwai. A ba shi kwanonsa daban, domin a kwanon taro yayye ne ke cinyewa. Idan ma'aikaciyar lafiya ta auna dantsensa ya gaza santimita 12.5, a jingine maganar yaye. In ya gaza 11.5, tamowa ce mai tsanani, magani ake farawa.

13. Ki zaɓi lokacin shekara

Bazara lokacin ƙyanda ce da sanƙarau da ƙishirwa. Damina kuwa ga zazzaɓin cizon sauro, ga zawo da amai, ga rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada. Idan akwai zaɓi, bayan kaka ya fi, sabon gero da wake da gyaɗa sun shigo, gari ya yi sanyi. Yaron da zai cika wata 20 a watan Agusta, jinkirta shi zuwa Nuwamba ba asara ba ce. A tabbata ya karɓi allurar ƙyanda ta wata 9 da ta wata 15. Kada kuma a haɗa yaye da tashi daga gida, doguwar tafiya ko rashin lafiya.

14. Kwanika ba ta mayar da nono guba

Nan ne aka fi yin yayen gaggawa. Mace ta ga wata ya wuce, tsoro da kunya su kama ta, washegari a raba yaro ɗan wata 10 da nono don kada "ya sha ciki". Bayan mako biyu ya fara zawo ya lalace, sai a ce ai ga shi nan, ya riga ya sha. Alhali abin da ya kayar da shi yankewar abincinsa ce rana ɗaya da komawa kan kunu da ruwan da ba a tafasa ba.

Nonon mai ciki ba ya cutar da yaro. Yakan ragu, ɗanɗanonsa ya sauya wajen tsakiyar ciki, yara da yawa su bari da kansu. Akwai hadisi a Muwaɗɗa da Sahihu Muslim inda Annabi (SAW) ya yi niyyar hana gila, wadda malamai suka fassara da saduwa da mai shayarwa ko shayarwar mai ciki, sai ya bari da ya ga Rumawa da Farisawa suna yi ba ya cutar da 'ya'yansu. Abin da mai kwanika ke buƙata shi ne ƙarin abinci, fara awo da wuri, da janye yaro a hankali cikin watanni. Wadda take zubar jini, ko ta saba ɓari ko haihuwar bakwaini, ko tagwaye take ɗauke da su, likita ne zai faɗa mata abin yi.

A kuma sani cewa shayarwa tana hana ɗaukar ciki ne kawai in sharuɗɗa uku sun haɗu: yaro bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Da ɗaya ya faɗi, kariyar ta tafi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a bar aƙalla wata 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani cikin.

15. Komawa aiki ko makaranta ba ya wajabta yaye

Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba da hutun haihuwa na mako 12, ta kuma ba mai shayarwa rabin awa sau 2 a ranar aiki. Jihar Kaduna ta mayar da hutun ma'aikatanta wata 6 a 2019. Nonon da aka tatsa a kofi mai tsafta da murfi yana kai awa 4 a ɗaki mai sanyi, kwana 4 a firjin da wuta ba ta yankewa. Da zafin bazara a rage lokacin. Yaron da ya shekara kuwa, safe da dare ma sun wadatar a ci gaba. Mai ɗauke da cutar HIV da ke shan maganinta kullum, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ita ce ta shayar aƙalla wata 12, ta tsara yayen tare da asibitinta.

16. A janye a hankali

Ki cire shan nono ɗaya, wanda bai fi damuwa da shi ba, yawanci na tsakar rana, ki sa abinci da wasa a gurbinsa. Bayan kwana 3 zuwa 7 ki cire na biyu. Na kwanciya barci ya zama na ƙarshe. Ki daina yi masa tayi, ki ba shi abinci kafin yunwa ta kama shi, ki sauya wurin zaman da ya saba samunki. Da dare babansa ya ɗauke shi ya lallashe shi da ruwa a kofi, domin a jikinki ƙamshin nono yake ji.

Al'adar kai yaro gidan kaka tana da amfaninta idan ya saba da ita kuma an riga an rage masa nonon. Amma a ɗauki yaron da jiya ya sha sau takwas a kai shi wani gari, ya rasa nono ya rasa uwa a dare ɗaya, wannan ya yi masa yawa. Irinsu ne ke ƙin cin abinci su dawo a rame. In za a kai shi, ya zama kusa, uwa tana leƙa shi, kuma a haɗa shi da garin kununsa da ƙwai. Shafa barkono ko man zafi a kan nono yana ƙona bakin yaro da idonsa, a bar shi. Masu karɓo rubutun dangana wajen malam, a wanke allon da ruwa mai tsafta.

17. Bayan yaye

In nono ya cika ya yi tauri, ki tatsa kaɗan daidai yadda zai saki, ki ɗora tsumma mai sanyi, ki sha farasitamol. Kada ki tamke ƙirji da zani. Idan wuri ɗaya ya yi ja da zafi, ga zazzaɓi da rawar sanyi, a je asibiti kafin ya tara ruwa. Kada ki sayi ƙwayar busar da nono a kemis da kanki. Wadda aka rubuta bromocriptine a jikinta an san ta da tayar da hawan jini, har da shanyewar ɓarin jiki ga wasu matan.

Wasu sukan ji kewa da saurin kuka na 'yan makonni, sinadaran jiki ne ke sauyawa. In ya wuce haka, a faɗa wa likita. Yanzu ne kuma lokacin janye ƙarin farantin nan da kofin kunun dare, da tsayar da maganar tazara kafin wata ya zagayo.

Shi kuwa yaron, a kai shi awo bayan wata ɗaya. Idan nauyinsa ya tsaya ko ya sauka, ko ya kamu da zawo ya ƙi ci a makonnin farko, ana iya mayar da shi nono. Nonon da ya kwana biyu a ƙirji ba ya lalacewa kuma ba ya tsami, da ya ci gaba da tsotsa ruwan zai dawo, sai a sake tsayar da wata ranar in ya murmure.